Yadda ake raya furanni a tukwanen ado don ƙawata ƙaramin fili

Tukunyar farko da na saya don fure shuɗiya ce mai sheƙi, bakinta da farin zane. Ba ta da ɓula a gindi, ni kuma ban duba ba. Na haƙo ƙasa a bayan ɗaki na cika ta, na dasa furena, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Mako uku bai cika ba ganyen ya yi rawaya ya langaɓe. Na ɗauka ƙishi ne, sai na ƙara ruwa. Ranar da na tuge shi na tarar saiwar ta yi baƙi ƙirin tana warin kwata.

Shukar da ke ƙasa tana da wurin gudu. In sama ta bushe sai saiwarta ta nutsa neman laima, in ruwa ya yi yawa ƙasa ta shanye ta wuce da shi. Ta cikin tukunya ba ta da komai sai abin da ka zuba mata. Saboda haka aikin yana da jerinsa: wuri tukuna, sai tukunya, sai ƙasa, sannan a zo kan fure. Yawancinmu daga ƙarshe muke farowa, mu ga fure ya ba mu sha'awa mu saya, sai mun iso gida mu fara neman inda za mu ajiye shi.

Fara da ƙirga rana

Ko baranda ce, ko ɗan lungu a tsakar gida, ko gefen matattakala, ka ware yini guda ka lura da wurin. Ka leƙa da ƙarfe 8 na safe, da 10, da 12, da 2, da 4, da 6, kowane leƙe ka ɗauki hoto da waya. Da yamma hotunan za su faɗa maka gaskiyar da ido ke mantawa. Inda rana ke dukan ƙasa kai tsaye na awa 6 ko fiye, wurin rana ne. Awa 3 zuwa 6, tsaka-tsaki. Ƙasa da awa 3, inuwa ce, komai hasken da kake gani a wurin.

Awa uku na hantsi da awa uku na la'asar ba ɗaya ba ne. Wurin da ke kallon gabas yana samun rana mai laushi kafin gari ya ɗau zafi, kusan kowace shuka tana jin daɗinsa. Mai kallon yamma kuwa rana tana iso shi ne bayan bango da daɓen siminti sun sha zafi sun ƙoshi, sai su haɗu su gasa tukunya ta sama da ta ƙasa. Kuma rana ba ta bin layi ɗaya duk shekara, lungun da ke cikin inuwa a watan Disamba yana iya zama matoya a watan Yuni. Wannan ɗaya ne daga cikin amfanin tukunya, ana ɗauke ta a sauya mata wuri.

Sai iska. A bene ko saman rufi iska tana busar da tukunya da sauri, tana kuma kifar da doguwar shuka. Sai nauyi: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙiyar ƙasar lambu ta fi haka nauyi, don haka babbar tukunyar siminti da aka cika tana kai nauyin babban mutum. In barandar ta bene ce, a jera masu nauyi a jikin bango, kada a tara su a bakin da ke lilo a waje. Ka duba kuma inda ruwan da ya tsiyaye zai bi, kada ya riƙa sauka a kan shanyar maƙwabcin da ke ƙasa.

Tukunya

Ta gasasshen yumɓu wadda ba a yi wa sheƙi ba tana numfashi. Ruwa yana fita ta jikinta, ƙasar cikinta ta yi sanyi ta kuma bushe da wuri. Ita ce ta dace da mai yawan ban ruwa, da shuke-shuken da ba su son jiƙa. Aibinta saurin fashewa, kuma a ƙasashen da ruwa ke daskarewa sanyi yana tsaga ta, domin ruwan da ya shiga jikinta yana kumbura da wajen kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara. Tangaran mai sheƙi da roba suna riƙe laima, sun fi dacewa da wanda ba ya wuni a gida. Roba ba ta da nauyi, amma mai arha rana tana cinye ta har ta riƙa ɓantalewa a hannu. Siminti yana da ƙarko, iska ba ta kifar da shi, sai dai inda ka ajiye nan zai zauna. Ƙarfe kuwa kyau gare shi a hoto, amma a wurin rana yana ɗaukar zafin da ke ƙona saiwar da ke jingine da shi. Haka ma duk baƙar tukunya. In wurinka mai rana ne, nemi fara ko mai launin ƙasa.

Game da girma, ra'ayina shi ne manya uku sun fi ƙanana goma sha biyu. Ƙaramar tukunya tana bushewa cikin yini, tana kuma sa ƙaramin wuri ya zama kamar an baza kayan sayarwa. Mai faɗin baki santimita 30 tana ɗaukar wajen lita 15 na ƙasa, ta isa a haɗa shuka uku ko huɗu ƙanana. Amma kada a ɗauki ɗan tsiro guda a jefa shi cikin ƙatuwar tukunya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba za ta zauna a jiƙe ta ruɓar da shi. Ka guji kuma mai tumbi da ƙaramin wuya irin ta tulu in shukar mai daɗewa ce, domin ranar fito da ita sai dai a fasa tukunyar ko a yanka saiwar.

Ɓula ba ta da madadi. In tukunyar ba ta da ita, kifa ta a kan tsumma, manna salatif a inda za ka huda don kada bakin injin hudawa ya zame, ka huda a hankali kana ɗiga ruwa a wurin, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Yumɓu da siminti bakin huda bango ya ishe su, tangaran mai sheƙi yana son baki mai ƙurar lu'ulu'u irin na huda tayil, roba kuwa ƙusa mai zafi ta wadatar. Ɓula mai faɗin santimita 1, guda ɗaya a ƙaramar tukunya, uku zuwa biyar a babba. In kana tsoron fasa ta, akwai dabara: dasa shukar a tukunyar roba mai ɓula, ka zura ta cikin ta adon, ka sa ɗan bulo a ƙasa ya ɗaga ta. Duk bayan ban ruwa ko ruwan sama sai ka ciro ka zubar da abin da ya taru. Shuɗiyar tukunyata haka take aiki har yau.

Sabuwar ta yumɓu a jiƙa ta cikin ruwa na dare ɗaya, in ba haka ba za ta tsotse laimar ƙasar da ka zuba. Tsohuwar da wata shuka ta mutu a ciki a goge ta tas, a jiƙa ta minti 10 cikin kashi 1 na bilic da kashi 9 na ruwa, a ɗauraye sosai.

Ƙasar da za a zuba

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin ganganci. Saiwa tana shan iska kamar yadda take shan ruwa. A cikin lambu tsutsar ƙasa da tururuwa da tsofaffin saiwoyi suna buɗa mata hanyoyi. Ka ɗebo wannan ƙasar ka zuba a tukunya ka yi ta ban ruwa, cikin 'yan makonni sai ta danƙare, in ta jiƙe ta zama taɓo, in ta bushe ta zama bulo. Abin da ake so shi ne haɗin da zai riƙe laima amma ya bar ragowar ruwa ya wuce nan take.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1930 wasu ma'aikata biyu na cibiyar binciken lambu ta John Innes a Ingila, William Lawrence da John Newell, sun yi ta gwaji har suka tsayar da haɗin kashi 7 na ƙasa mai kyau da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, kashi 3 na ruɓaɓɓen gansakukan fadama, kashi 2 na yashi, da taki gwargwado. Har yanzu ana sayar da ƙasar tukunya da sunan cibiyar. Ba dole ne ka bi lissafinsu ba, dabarar ce abin ɗauka: wani abu ya ba da jiki, wani ya riƙe ruwa, wani ya buɗa hanyar iska.

In akwai ƙasar tukunya ta buhu a inda kake, saye ya fi sauƙi. In kai za ka haɗa, auna da bokiti ɗaya: kashi 1 na baƙar ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Na ce yashi, ban ce rairayi ba. Rairayi mai laushi cike ƙofofin iskar yake yi, ya ƙara danƙarar da ƙasar. Wanda ya samu falait, farin dutsen nan marar nauyi da ake samu ta hanyar gasa gilashin aman wuta har ya kumbura, ya sa shi a madadin yashi, musamman a bene. Buntun shinkafa da aka babbake ko dakakken gawayi ma suna yin aikin. In wurin mai zafi ne da iska, ƙara kashi 1 na garin ɓawon kwakwa, yana riƙe ruwa kamar soso. A jiƙa shi a ɗauraye tukuna, wani yana zuwa da gishiri. Ga shuke-shuke masu kaurin ganye da ke ajiye ruwa a jikinsu, rabin haɗin gaba ɗaya ya zama yashi da ƙananan tsakuwa.

Takin dabbobi sai wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari, ba a gane asalinsa. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ƙuda da irin ciyawa. In kana shakkar ƙasar da ka ɗebo, jiƙa ta kaɗan ka ƙulle a leda mai haske, ka shimfiɗa a rana mai zafi na makonni huɗu, zafin yana rage ƙwari da irin ciyawa da yawa.

Gwajin haɗi a tafin hannu yake. Jiƙa shi kaɗan ka dunƙula. In ya dunƙulu, ka taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zauna kamar ƙwallon laka, ƙara yashi. In ya ƙi dunƙuluwa sam, ƙara taki.

Akwai shawarar da kusan kowa ke bayarwa, wai a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce. Kada ka yi. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin tsakuwa sai ƙasar ta cika ta tumbatsa. Ɗauki soso ka jiƙa ka ɗora a kan tsakuwa, za ka ga gindinsa ya zauna sharkaf, tsakuwar ba ta tsotse komai ba. Kowace tukunya tana da irin wannan jiƙaƙƙen gindi. Tsakuwar ba ta kawar da shi, ɗago shi take yi sama kusa da saiwa, ta kuma cinye wurin ƙasa. Abin da ɓula ke buƙata kawai ɗan yankin raga ko tsingaro mai lanƙwasa da zai hana ƙasa zubewa.

Zaɓen shuka

Yanzu ka koma ga hotunan da ka ɗauka. Wurin rana yana da masoya da yawa. Bugambiliya, 'yar asalin Kudancin Amurka wadda aka raɗa wa sunan matuƙin jirgin ruwan Faransa Bougainville, tana son zafi da matsattsiyar tukunya, kuma abin da ake gani mai launi a jikinta ganye ne, ainihin furen ɗan fari ne a tsakiya. Fotulaka gajeruwa ce mai kaurin ganye, tana buɗe fure in rana ta ɗaga ta rufe da yamma, shi ya sa a Barazil ake ce mata ƙarfe sha ɗaya. Marigol da ziniya, 'yan Meziko, suna fita daga iri cikin sauƙi su yi fure cikin wata biyu. Binka ta Madagaska ba ta gajiya da fure ko a tsananin zafi. Jeraniyom ta Afirka ta Kudu ta fi son rana mai sauƙi da dare mai sanyi. Sai kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, mai kumburarren gindi da jan fure, ita kaɗai a tukunya ta isa ado.

A inuwa ganye ne ado, kada ka wahalar da kanka da neman fure. Moda mai tsayayyen ganye kamar takobi tana jure inuwa da mantuwa. Koliyos da kaladiyom ganyensu ya fi furanni da yawa launi. Begoniya tana yin fure a hasken da ba rana kai tsaye. Fotos tana zubowa daga tukunyar rataye ko ta hau bango. Don ƙamshi kusa da wurin zama, ɗoɗɗoya ko na'a-na'a, amma na'a-na'a a ba ta tukunyarta ita kaɗai, in ta samu abokan zama sai ta mamaye su.

Wasu kyan ɗan maciji gare su. Oliyanda guba ce tun daga ganye har fure, ruwan jikin kariya ma haka, Dieffenbachia kuma, wata shukar ado mai faffaɗan ganye, in yaro ya tauna ganyenta bakinsa da harshensa suna kumbura. Gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi a haƙura da su, ko a ɗaga su inda hannu ba ya kai.

Wajen saye, wadda ta cika da buɗaɗɗen fure ita ke jan ido, amma gajeruwa mai rassa da yawa da furannin da ba su buɗe ba ita za ta fi daɗewa tana yi maka ado. Juya ganyen ka duba bayansa. In mai sayarwa ya yarda, zare ta daga ledar ka ga saiwar: fara mai ƙarfi ake so, ba baƙa mai laushi ba. In ka kawo gida, ware ta gefe na mako ɗaya ko biyu kafin ta shiga cikin sauran, ko da ta zo da ƙwari.

Dasawa

Da yamma ake yi, ko ranar da akwai gajimare. Ba shukar ruwa awa ɗaya kafin nan. Kai babbar tukunya inda za ta zauna tun tana wofi, ka ɗora ta a kan bulo uku ko 'yan duwatsu don ɓular ta samu sarari. Rufe ɓular da raga, zuba haɗin mai ɗan laima har inda in ka ɗora shukar, wuyanta zai tsaya santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin tukunya. Wannan sararin shi ne mazaunin ruwa, in ka cika ƙasa har baki ruwan zai riƙa malala waje.

Kada ka ja shuka ta kara. Tallafe ta da tafin hannu, kifa ledar ko robar, ka bubbuga ta fito. In saiwar ta nannaɗe kamar gammo, warware gindin da yatsu, in ta yi tauri ka tsaga ta da wuƙa wuri uku. Zaunar da ita daidai zurfin da take a da, binne kara yana ruɓar da shi. Cika gefe da gefe, ka danna da yatsu a hankali, ba kirɓawa ba. Zuba ruwa sannu a hankali har ya fito ta ƙasa, in ƙasar ta lotsa ka ƙara. Rufe saman da ƙananan tsakuwa ko ɓawon itace, yana rage bushewa yana kuma hana laka fantsama. Kwana uku zuwa biyar na farko a kare ta daga ranar tsaka, ko da mai son rana ce.

In za ka haɗa shuka da yawa a tukunya ɗaya, nemi doguwa guda ta zama jigo, a tsakiya ko a baya in tukunyar na jikin bango. Kewaye ta da masu cika wuri, sannan a baki ka sa mai zubowa ta rufe gefen tukunyar. Sharaɗin ɗaya ne, su zama masu son rana iri ɗaya da ruwa iri ɗaya. Kariya da begoniya in suka haɗu, ɗaya sai ta mutu.

Jeri

Zauna a inda ka saba zama, ko ka tsaya a ƙofar da ake shigowa, daga nan za ka tsara. Tara tukwane rukuni-rukuni, uku ko biyar masu tsayi daban-daban, doguwa a baya, maimakon a jera su sahu ɗaya a jikin bango kamar masu jiran mota. In duk tsayinsu ɗaya, kifa wata tukunya ko bulo ka ɗora ta baya a kai. Tarawar tana da wani amfani, suna yi wa juna inuwa, ba su saurin bushewa.

Ƙaramin wuri ba ya ɗaukar launi barkatai. In tukwanen masu zane ne, shukar ta zama kore zalla. In furannin ne masu ɗaukar ido, tukwanen su zama launi ɗaya. Lungu mai duhu fari da rawaya ke haska shi, ja mai duhu ɓacewa yake yi a ciki. In ƙasa ta ƙare a hau bango da kanta ko ƙugiya, amma a tuna tukunyar rataye ita ce ta fi kowace saurin bushewa, kuma ƙugiyar za ta ɗauki nauyinta ne a jiƙe. Ka bar hanyar da mutum zai wuce da bokiti ba tare da ya karkace ba.

Ban ruwa

Ba a yin sa da agogo. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji laima, bari. In ka ji bushewa, zuba har ruwa ya fito ta ɓula, ba yayyafi a sama ba, yayyafi yana sa saiwa ta taru a sama inda zafi yake. A babbar tukunya soka tsinken katako har ƙasa, in ya fito da ƙasa manne a jikinsa akwai sauran ruwa. Ƙanana kuwa ɗagawa kawai za ka yi, hannu yana saurin koyon bambancin nauyin jiƙaƙƙiya da busasshiya. A lokacin zafi da iska wata tukunyar za ta nemi ruwa kullum, har sau biyu, a lokacin sanyi ko damina ita ɗin ce za ta yi mako ba ta nema ba.

Safiya ta fi, a gindi ba a kan ganye ba. Shukar da ta yi yaushi da tsakar rana ta miƙe da yamma zafi ne ya dame ta. Wadda ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take, ga ganyen ƙasa yana rawaya, saiwarta ce ke ruɓewa. Dakatar da ruwa, zare ta, yanke duk baƙar saiwa, ka sake dasa ta a sabon haɗi. In kuma ƙasa ta bushe ƙarau har ta janye daga jikin tukunya, ruwan da ka zuba ta gefe zai zurare ya fita, ka ɗauka ta sha. Tsoma tukunyar cikin baho na rabin awa har kumfa ya daina tashi.

Farantin da ke ƙarƙashin tukunya a zubar da ruwansa bayan rabin awa. Ban da ruɓar da saiwa, sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, kuma sauron Aedes mai yaɗa zazzaɓin dengi da shawara irin wannan ɗan ruwan yake nema. Lokacin ruwan sama a cire farantan gaba ɗaya.

Taki, aski da ƙwari

Duk ruwan da ya fita ta ɓula yana tafiya da abincin shuka. Bayan mako 4 zuwa 6 da dasawa sai a fara ƙari. Lambobi ukun da ke jikin buhun takin zamani, kamar 15-15-15, na naitirojin ne da fosfaras da fotashiyam. Na farko ganye yake sawa, in ya yi yawa bugambiliya za ta yi kore shar ba fure ko ɗaya. Ga masu fure nemi wanda lambarsa ta ƙarshe ta fi ta farko. Na ruwa a yi rabin ƙarfin da aka rubuta, duk mako biyu, a lokacin da shukar ke girma. Kada a zuba a busasshiyar ƙasa, kada a ba marar lafiya, kada ƙwayar taki ta taɓa kara. Garin neman gira ake rasa ido: in taki ya yi yawa sai bakin ganye ya ƙone, farin gishiri ya fito a saman ƙasa. In ka ga haka, kankare saman ka kwarara ruwa mai yawa ya wanke.

Furen da ya bushe a tsinke shi tare da ɗan karansa kafin ya yi iri, shukar za ta sake fitar da wani. Koliyos da ɗoɗɗoya a riƙa tsinke kan tohonsu, kowane tsinka rassa biyu yake haifarwa. Kan da ka tsinke kuma in ka tsoma shi a kofin ruwa zai yi saiwa cikin mako biyu, ka samu sabuwar shuka. Duk mako juya tukunya kaɗan don kada ta karkata wajen haske.

Lokacin ban ruwa ka riƙa leƙa bayan ganye. Darɓa tana taruwa a sabon toho ta bar danƙo, wani ƙwaron kamar auduga yake a hammatar reshe, wani kuma ba a ganinsa sai 'yar saƙarsa da ɗigo-ɗigon rawaya a ganye. Tururuwa na hawa da sauka alama ce akwai darɓa ko mai kama da audugar. Fara da fesa ruwa mai ƙarfi. In sun dawo, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar ƙarfi a lita ɗaya, ko man darbejiya yadda aka rubuta a kwalbar. Gwada a ganye biyu ka jira kwana ɗaya, ka fesa da yamma, ka maimaita bayan mako.

Bayan shekara ɗaya ko biyu za ka ga saiwa na leƙowa ta ɓula, ko ruwa na wucewa nan take, ko shukar ta tsaya cak. Mayar da ita tukunyar da ta fi ta da faɗi da santimita 3 zuwa 5 kawai. In ba ka son rabuwa da tukunyar, zare shukar, yanke kashi ɗaya cikin huɗu na saiwar ta gefe da gindi, rage rassan daidai haka, ka mayar da sabuwar ƙasa. Wadda ta fi ƙarfin ɗagawa a kwashe santimita 5 na sama duk shekara a zuba sabon haɗi.

In tafiya ta kama ka ta mako guda, tara tukwanen a inuwa, ka shayar da su sosai. Ajiye bokitin ruwa mai murfi a kan kujera ya fi su tsayi, ka yi lagwani da igiyar auduga ko yankin tsohuwar riga, baki ɗaya ya kai gindin bokitin, ɗayan ka tura shi santimita 5 cikin ƙasar kowace tukunya. Jiƙa lagwanin kafin ka sa. Masu kaurin ganye ba su buƙata, a bar su haka. Haɗa wannan tun saura kwana huɗu ka tashi, don ka ga yawan ruwan da ke raguwa a yini, ka san ko bokiti ɗaya zai kai ko sai biyu.